Rikodar Jidda

"Giya ce!" in ji Alhaji Barau, ya kashe rikodar da ya sayo a Jidda. Kaset ne ɗansa Hayatu ya aiko daga Legas, murya tana ja kamar ta mashayi. "Yau zan sallama wa duniya shi."

Ƙaninsa Ɗantani, mai aikin lantarki a dam ɗin Bakolori, ya juya rikodar ya karanta bayanta, ya tuntsire da dariya.

"Yaya, yaronka ƙalau yake. Wutar Jidda bugu sittin take yi a daƙiƙa, tamu hamsin. In ka jona ta a nan Mafara, dole ta yi nawa."

Saurin hukunci mugun hali ne, kuma Alhaji ya ƙware a kansa. Ya yi hamdala, sai kuma ya sake duban rikodar.

"To, abin da na ɗauka da ita fa?"

"A rikodar wasu? Da gudu zai fita, da siririyar murya kamar ta budurwa."

Alhaji ya nemi wuri ya zauna. Kaset arba'in na wa'azinsa ya raba har Bakura da Maradun. Wata uku ke nan yana murna, don duk inda ya gifta sai ya ga mutane suna ta yi masa murmushi.