Ranar da Inna ta Sauka a Garin Ƙanƙara

Tanimu, tunda aikin nan ya fito, kuma ka ce garin da za ka ƙanƙara ke rufe shi kusan rabin shekara, gyara zama in ba ka wani misali kafin shayinka ya huce.

Wani mutumin ƙasarmu ne ya zauna a irin wannan birni. Yana da 'yar motarsa da yake zuwa aiki da ita, daga gefen gari zuwa tsakiya, hanyar kuwa ta bi ta kan wani tudu mai itatuwa kafin ta gangara gada. Ya sauka garin ne lokacin ɗumi, rana na daɗewa a sama har a manta da ita. Da kaka ta shigo, ganyaye suka rine, wasu ja kamar lalle, wasu kamar garin ɗorawa, suna zubowa kan titi a hankali, shi kuma yakan rage gudu don kallo kawai. Maƙwabciyarsa, wata tsohuwa 'yar garin, duk sanda suka haɗu sai ta nuna masa tayoyinsa. Takan ce ya kai gareji a sa masa na sanyi, masu zurfin zane da ke kama ƙasa, ya ajiye shebur da bargo da abin kankare gilashi a but ɗin motar, kada kuma ya bar mai ya yi ƙasa a tanki. Sai ya yi godiya, ya ɗaga kai ya ga sama garau, ya ce gobe. Hankalinsa ba ya kan taya. Mahaifiyarsa ce za ta zo wurinsa, hawanta jirgi na farko ke nan, duk tunaninsa na kan ɗakin da ya gyara mata, da labulen da ya rataya, da irin abin da za ta ce idan ta ga inda ɗanta yake kwana.

Ranar da jirginta zai sauka, ya farka ya ji gari tsit, irin shirun da bai taɓa ji ba. Ya yaye labule, sai ya ga duniya fara fat. Rufin gidaje da motoci da shinge duk sun ɓace a ƙarƙashin fari, dusar ƙanƙara kuma tana saukowa kamar an girgiza rimi audugarsa na tashi. Ya daɗe a tsaye yana kallo, har ya manta yau akwai tafiya. Da ya sauko, da farantin cin abinci ya haƙo motarsa, ya goge gilashi da hannun riga. Ya kira gareji, suka ce layi ya kai mako mai zuwa. Haka ya kama hanya. Ya hau tudun da ƙyar, da ya fara gangarawa ya taka birki, sai ya ji sitiyari kamar ba a haɗe yake da komai ba. Motar ta juya a hankali, kamar ƙwarya a kan ruwa, ta je ta kwanta cikin tarin ƙanƙara a gefen hanya. Ko ƙwarzane bai yi ba. Ya taka mai, tayoyi na juyawa a wuri guda. Ya fita ya tona da hannu har yatsunsa suka daina jin komai. Ya koma ciki, ya ga mai ya kusa ƙarewa, dole ya kashe injin. Dusar ta yi ta rufe gilashin kaɗan kaɗan, har cikin motar ya koma wani farin haske mai laushi, kamar yana kwance a gidan sauro da hantsi. Sanyin ya daina cizo, wani barci mai daɗi ya fara jansa. Sai ya ga tsakar gidansu, mahaifiyarsa zaune kan tabarma tana tankaɗe, gari na zuba daga rariya, yana zuba, yana zuba, bai ƙare ba. Ƙwanƙwasa gilashi ne ya dawo da shi. Direban motar da ke share ƙanƙara ne ya hango ɗan jan fitilar bayan motarsa, ya ja shi da sarƙa, ya kuma gaya masa irin wannan barcin ba kowa ke tashi daga shi ba.

Sai bayan magariba ya isa filin jirgi. Ya same ta a kan benci kusa da ƙofa, da atamfa da silifas, ƙullin kuka da daddawa a gabanta. Tun safe ba ta sami mai jin harshenta ba. Wata mai shara ta yafa mata rigar sanyinta, ta kawo mata shayi, yana nan a gefe ya huce ba ta taɓa ba. Duk namijin da ya shigo sai ta miƙe ta duba fuskarsa. Da ya durƙusa zai gaishe ta, ta kama hannuwansa, ta ga yadda suka tsage, ta riƙe su a cikin nata.

"Na ɗauka farin nan ya haɗiye ka," in ji ta.

"Inna, an gaya mini. Ni ne ban shirya ba."

Ta ƙara riƙe hannuwansa. Amma sanyin ƙofar nan ya kwantar da ita makonni, shi kuma yatsunsa biyu har yau ba su dawo daidai ba.

To, Tanimu, idan ka je ka ga sama garau, ganye na zuba, kada kyan ya shagaltar da kai. Ka kai motarka gareji tun rana na da ɗumi. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.