Agogon da Ya Tsayar

Ɗan wani tsoho manomin taba ne ya harbe shugaban ƙasa, mako biyu bayan an gama yaƙin basasa. Ranar da labarin ya iso gonar taba, tsohon ya tsayar da agogon bango, ya lulluɓe madubi da baƙin ƙyalle, kamar yadda ake yi in an yi mutuwa a gida. Sau biyu ya taɓa yin haka, don 'ya'yansa biyu da yaƙin ya ci.

A kwana na tara ɗan ya dawo da harsashi a cinya, ya laɓe a rumbun taba. 'Yar tsohon ce ke kai masa burodin masara a ɓoye. Tsohon yana ganin sawunta a raɓa, yana kau da kai.

Da hantsi ta shigo tana haki.

"Baba, sojoji sun haye kogi. Yaya ba zai kai gobe ba. Ba mafaka yake nema ba, so yake ya cika a gadon Inna."

"Wane yaya?"

"Ɗanka mana. Ko tsufa ya cinye har sunansa?"

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku a hankali, yadda ɗan ya saba yi tun yana ƙarami. Tsohon ya miƙe, har hannunsa ya taɓa sakata. Ya waiwaya ya dubi agogon, yana nan a ƙarfe huɗu.

"Na riga na tsayar masa da agogo," in ji shi. "Ba zan buɗe wa matacce ba."