Fasfon Usuman Mai Dawakai

Wa ya aike ku tambayar Usuman, jikokina? Don ya taɓa ba ku alewa a unguwar Karantina, halas, shi ke nan ya zama kawunku? Ke Luba, cire cindonki daga baki, ki saurara. Sau ɗaya zan faɗa.

Usuman ya zo umra ya maƙale, ba iƙama ta izinin zama, ba kafili mai tsaya masa. Kamar kowane sabon zuwa, ya nemi tsohuwar da zai ba ajiyar takardunsa, don gidan gwauraye ba ya riƙe komai. Aka nuna masa ƙofata. Fasfo biyu ya miƙo mini, duka koraye. Ɗaya na Najeriya, mai dawakai a baya, saye ya yi. Ɗaya na Kamaru, mai tauraro, shi ne na gaskiya.

"Hajiya, ran da aka kama ni, mai dawakai za ki aiko. In aka sauke ni a Yawunde, na mutu."

Na sa su a adaka. Na zuba masa tuwo.

Mutum ne mai baki. In ya ƙoshi sai labarin garinsu Bamenda ta Kamaru, yadda masu Ingilishi suka shiga daji suna yaƙar sojan gwamnati masu Faransanci. Aikinsa bin gida-gida, yana kwashe samari a kai su daji, ko suna so ko ba sa so. Wanda aka ji Faransanci a bakinsa, maci amana ne, shi ake sawa a gaba in harsashi ya fara.

Ranar wata Juma'a ya ba da labarin wani tela Bahaushe da ya yi karatu a Garwa, inda ake Faransanci. Wai an ji shi yana gaisa da soja da yarensu. Telan ya roƙa, ya ce yana da 'ya'ya ƙanana. Usuman ya ɗaure shi da tef ɗin awonsa.

"Kwana uku ya yi a daji," ya ce, yana dariya, yana suɗe hannu. "Yatsa shida gare shi, amma bindiga ta gagare shi riƙewa."

Na ƙara masa miya.

Shekara biyu yana ci a kwanona. Da ya yi zazzaɓi, ni na dafa masa sabara. Unguwa kaf suna cewa Hajiya ta sami ɗa.

Da aka zo rushe Karantina, jawazat, 'yan sandan shige da fice, suka tare hanya. An ce kamar wani ya gaya musu ɗakin da yake. Daga gidan tarhili, inda ake tsare waɗanda za a kora ƙasarsu, ya aiko: "Hajiya, yalla, mai dawakai!"

Na aika da fasfo a kulle cikin leda, ta hannun wani jami'in gidan tarhilin. Bayan sati biyu jirgi ya sauke shi a Yawunde. Sunansa na cikin takardar sojoji. Da Faransanci suka yi masa maraba, kuma babu wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Mata suka cika gidan nan suna ba ni haƙuri. "Miskina, ba ta yi boko ba, ina za ta bambance kore da kore?"

Ban yi boko ba, gaskiya ne. Amma na san doki, na ga yadda ya ci wuta a murhuna. Ku tashi ku kwanta. Ke Luba, ƙirga yatsunki kafin ki yi barci, don ba zazzaɓi ne ya kashe ubanku tela ba.