Maganin Sauro

Danny na ƙyasta ashana zai kunna sigari, Baba Philemon ya yi firgigit ya waiga baya.

"Kashe, ɗana. Ka sa ta fara tari."

Danny ya duba. Su biyu ne kaɗai a tashar keke Napep ta Vinikilang.

"Wa ke tari, Baba? Ni dai gaya min yadda ka yi ka bar sigari. Na gwada goro, na gwada alewa, na kasa."

Tsohon ya ɗaga kujerar kekensa, ya zaro hoton ƙirji na asibiti, ya kara shi a rana. Wani farin tabo ya cinye rabin huhun.

"Ranar da likita ya yi min bayanin wannan na daina."

"Kai! Da wannan huhun kake yawo?"

"Nawa da sauƙi. Wannan na matata ne, marigayiya Keturah. Ko kara ɗaya ba ta taɓa sha ba. Ka san sauron bakin kogi. Ni nake rufe taga in cika ɗaki da hayakin sigari, wai in kore mata shi."

Ya shafa hoton.

"Kullum sai ta ce min na gode."