Ƙwayoyin Dokta Sodangi

A shekara ta biyu ta fari, hotunan da Dokta Sodangi ke jira suka iso garin Isa daga jami'a. Ya duba, ya sake dubawa. Ƙwayoyin tsatsar ƙarfen da ya haɗa, waɗanda ido ba ya gani sai na'ura, sun fito girmansu ɗaya, siffarsu ɗaya, kamar tubalin magini guda.

Shekara tara yana neman haka. Irin waɗannan ƙwayoyi ne ke zuƙe gubar ruwan rijiya, kuma a bana rijiyoyin ƙauyen Tozai da ke kusa sun koma laka mai ɗaci.

Ɗakin gwajinsa shago ne ya gyara. Ma'aikaciyarsa ɗaya, Tasalla, tsohuwa mai riƙon jikoki biyar. Kullum yakan ba ta jarkar tataccen ruwa ta ɗauraye kwalaben gwaji a bayan shago. Ba ta taɓa cewa ruwan ya kasa ba, ko da yake kwalaben kan ɗan yi dishi-dishi.

Suna ya fita, tallafi ya zo. Dokta ya sayo injin wanke kwalabe, ya sallami Tasalla da turmin atamfa.

"Kimiyya ba ta son hannu, Inna," in ji shi.

Daga ranar ƙwayoyin suka lalace: wasu dogaye, wasu dunƙulallu. Ya canza zafin wuta, ya canza awo, ya canza kamfanin sinadari. Wata takwas, ko sau ɗaya ba su daidaita ba. Kwamitin jami'a ya zo, ya zauna kwana uku, ya rubuta cewa hotunan farko akwai alamar tambaya. Aka janye tallafi. Mutanen Tozai suka ci gaba da shan lakarsu.

Yana ɗaure kaya a bayan mota sai ga Tasalla ta durƙusa gefe.

"Dokta, an ce za ka tahiya. Akwai hakkinka bisa kaina, ka gahurta min."

"Na yafe, Inna, ko mene ne," ya ce, bai ko waiwayo ba. Ya tada mota.

Ta bi shi da kallo, sannan ta faɗa wa mai shagon kusa, tunda dai ta ɗauko maganar:

"Ruwan da shika ba ni, jikokina nika kai ma su sha. Kwalabenai kuwa, tun hwarko da ruwan toka nika wanke su, ban taɓa ɗaurayewa ba."