Kujeru Biyar, Layi Ɗaya

Akwai wani dattijo mai noman albasa a ƙarshen wata magudanar ruwan rani, can inda ruwa ke isowa a gajiye. Duk garin a wurinsa ake samun iri. Da rikicin rabon ruwa ya ishi manoman, sai suka yarda a zaɓi mutum biyar su tsara shi. Dattijo ya yi murna, ya tara mutanen ƙarshen magudana ya ce su kwantar da hankalinsu. A lissafinsa, cikin kowane manoma goma, huɗu nasu ne, kuma kujeru har biyar. In ka zuba wake fari shida da ja huɗu a ƙwarya, ka rufe ido ka ɗauka sau biyar, ai da wuya ja bai biyo hannunka ba. Bawan Allah ya manta cewa mutane ba wake ba ne. A garin, bayan ɗan takara ake tsayawa a layi, kujera bayan kujera. Aka yi layin farko, na saman magudana suka fi tsawo. Aka watse aka sake, ƙafafun ɗazu suka koma inda suka tsaya ɗazu. Sau biyar ana ƙirga rinjaye guda, babu wanda ya yi maguɗi, na ƙasa kuma suka tashi hannu rabbana.

Mutanen biyar ba azzalumai ba ne, har tausayinsu nake ji. Suka raba lokacin ban ruwa daidai wa daida, suka kwana da zuciya fara. Abin da babu wanda ya sani a cikinsu shi ne, kafin ƙarshen magudana akwai wani yashi da ke shanye rabin ruwan. Dattijo ya kai kuka, aka ce ya yi haƙuri, kowa da rabonsa. Yana ji yana gani albasar irinsa ta yi kan fure, ta sunkuya, ta bushe. Da lokacin shuka ya kewayo, shugaban mutanen biyar ya zo da ƙwaryarsa neman iri kamar kowace shekara. Dattijo ya kama hannunsa ya kai shi kan yashin, sannan ya nuna masa busassun karare. "Baba, me ya sa ba a gaya mana a zama ba?" Dattijo ya ce, "Wa gare mu a zaman, ɗana?" Ƙwarya ta koma wayam, shekarar nan na sama da na ƙasa babu wanda ya ga albasa. Gaskiyar Hausawa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.