Gwajin Jif a Bayan Ushafa

"Wannan ce jif ɗin da kike kurantawa?" Injiniya Nazeer ya daki sitiyari. Tayoyi huɗu sun nutse cikin taɓon wani rami.

Tun a shagonta na Garki yake yi wa Madam Perpetual, dillaliyar motoci, wulaƙanci. Farar jif ɗin mai kujerun fata, ya ce kuɗinta fashi ne. Baƙar mai araha da ƙarfin hawa, ya ce cikinta duk roba, kamar bokiti. Ya nace sai an gwada baƙar a hanya mafi muni. Ita kuwa ta kawo shi ƙauyensu, bayan Ushafa.

"Oga, mota lafiya lau. Hanyar ce."

"Wannan hanya ce? Wane ɓarawo aka ba aikinta? Allah ya tsine masa!"

"Amin." Ta zare makulli, ta nuna masa wani allo mai tsatsa: AN KAMMALA KWALTA. A ƙasa ga sunan ɗan kwangila ɓaro-ɓaro: Injiniya Nazeer.

"Daga ofis ka sa hannu, ba ka taɓa zuwa ba. A ramin nan ƙanwata ta rasu tana naƙuda. Fito, oga. Ga mutanen gari can, shekara uku suna jiranka."